Wane launi ne ke cinye batir? Nazarin allon fitilun wani mai shayi a Tudun Wadan Zariya

Akwai maganar da ta zauna daram a bakin masu haɗe-haɗen lantarki a gida da kuma wasu masu gyara: wai shuɗin ƙwan LED ya fi ja shan batir. Maganar tana da tushe, amma a yawancin ayyukan da yara ke haɗawa ba ita ce ke kashe musu batir ba. Wannan rubutu ya bi diddigin aiki guda ɗaya, allon talla na wani mai shayi a Tudun Wada, daga lokacin da batirinsa ke mutuwa kafin ƙarfe goma na dare har zuwa lokacin da sabon batir ya koma kaiwa dare biyu a caji ɗaya. Alƙaluman da ke ciki lissafi ne da kowa zai iya maimaitawa da biro da takarda, an gina su a kan boltej (ƙarfin turin lantarki) da karant (yawan lantarkin da ke gudana) da aka saba gani a ƙananan ƙwayayen LED masu faɗin milimita 5 da ake sayarwa a kasuwa.

Aikin da aka sa a gaba

Mai shayin yana kafa teburinsa bayan magariba, ba ya tashi sai sha biyu ta wuce. In an ɗauke wuta layin nasu duhu yake yi ƙirin, mai wucewa a kan babur ba ya sanin akwai mai shayi a wurin sai ya gota. Ɗan ƙanwarsa, saurayi da ya gama sakandare yana jiran gurbin karatu, ya koyi riƙe ƙarfen soda daga bidiyoyin YouTube, shi ne ya ce zai yi masa allo mai haske.

Ya samu falange, ya huda ramuka 90. Kalmar SHAYI ta ci jajayen ƙwayaye 60, hoton kofi ya ci koraye 15, gefen allon kuma shuɗaye 15. Batirin da za a yi aiki da shi irin na cikin UPS ne, na'urar nan da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, mai bolt 12, an rubuta 7Ah a jikinsa. Ana kai shi caji da rana, a ɗauko da yamma.

Gwajin farko a kan tabarma aka yi shi, da ƙwayaye uku kacal. Ya haɗa ja da kore da shuɗi kafaɗa da kafaɗa, ƙafafuwansu a haɗe, ya sa musu rezista guda ɗaya, wato ɗan abin nan da ke taƙaita karant ɗin da zai wuce. Jan ya kama, sauran biyun ko ƙyaftawa ba su yi ba. Ya ɗauka matattu aka sayar masa. Da ya cire jan sai ga su sun kama tangaran. Dalilin shi ne jan ƙwai yana buɗe wa karant hanya tun a wajen bolt 2, kuma da zarar ya buɗe sai ya riƙe boltej ɗin mahaɗar a nan, su kuma shuɗi da kore suna jiran bolt 3 da ba zai taɓa zuwa ba. Yaron ya fahimci cewa ba za su ci a kwano ɗaya ba, sai ya yanke shawarar bai wa kowane ƙwai rezistarsa. Ya je Sabon Gari ya sayo rezista 90 masu om 470 (om shi ne ma'aunin yadda rezista ke tare karant), irin masu ɗaukar rubu'in wat, ya zauna ya sode su ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne na haƙuri, kuma allon ya fito da kyau. Daren farko har masu kanti na gefe sun zo kallo.

Sai dai kafin ƙarfe goma hasken ya fara dusashewa, daidai lokacin da ciniki ke kankama. Bayan allon kuma in ka ɗora hannu sai ka ji zafi rau. Haka aka yi ta yi, kuma da kwanaki suka tura sai lokacin mutuwar batirin ya riƙa matsowa.

Yadda aka ɗora wa shuɗi laifi

Yaron ya kai ƙorafi wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da ya saba sayen dalma a hannunsa. Dattijon ya duba allon ya ce, "Samari, bulu ɗin nan ne. Ja bolt biyu yake ci, bulu sai uku da ɗoriya. Cire su ka huta."

"To Baba, in na cire me zan sa a gurbinsu?"

"Sa ja mana. Ja ba ya da ci."

Bai kamata a yi wa dattijon dariya ba, domin abin da idonsa ya gani shekara da shekaru ne ya faɗa. Duk wanda ya taɓa haɗa ja da shuɗi a kan batirin tocila guda biyu, wato bolt 3, ya san shuɗin ne ke fara mutuwa. Amma abin da ke faruwa a can daban ne: da batiran suka ɗan sauka ƙasa da abin da shuɗin ke buƙata sai ya daina kamawa, alhali da sauran caji a cikinsu, jan kuma ya ci gaba da ci. Shuɗin bai shanye batir ba, gudu ya yi ya bar shi. Mai kallo daga waje sai ya ga kamar shi ne macijin.

Yaron ya bi shawara, ya ciccire shuɗaye 15 ya maye su da jajaye, bai taɓa rezistocin ba. Batirin bai ƙara ko minti ɗaya ba. A lissafi ma ragewa ya yi.

A nan ne wani maƙwabcinsu, ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje a Samaru, ya shigo cikin maganar. Abin da ya fara yi shi ne ya tambayi yaron ko ya taɓa auna karant ɗin da allon ke ja gaba ɗaya. Bai taɓa ba, boltej kawai yake aunawa. Suka yanke wayar da ta fito daga batir, suka saka mita a tsakani a ma'aunin amfiya 10. (Mita in tana kan amfiya a cikin layi ake saka ta, ba a ɗora ta kan bakin batir biyu, mai yin haka zai ƙona fis ɗin mitar nan take, in ma abin ya tsaya a fis.) Sannan suka zauna da takarda.

Rezista ce ke yanke yawan karant, kuma ƙa'idar ɗaya ce: ka cire boltej ɗin ƙwai daga na batir, abin da ya rage ka raba shi da om ɗin rezistar. Ga ja: 12 a cire 2, saura 10, a raba da 470, ya ba da miliamfiya 21.3 (miliamfiya dubu ne amfiya ɗaya). Ga shuɗi, da koren da yaron ya sa: 12 a cire 3.2, saura 8.8, a raba da 470, ya ba da miliamfiya 18.7. Wato da rezista iri ɗaya a kan batir ɗaya, jan ne ya fi jan karant, saboda shi ya fi barin boltej mai yawa a kan rezistar. Musanya shuɗaye 15 da jajaye ƙara wa batirin kaya ya yi da kusan miliamfiya 40.

A tsarin farko, jajaye 60 suna jan kusan miliamfiya 1,280, sauran 30 ɗin kuma kusan 560. Jimilla amfiya 1.84, wato wat 22 a kan bolt 12. Daga cikin wat 22 ɗin nan, abin da ke shiga cikin ƙwayayen kansu bai wuce wat 4.4 ba: jajaye 2.6, sauran 1.8. Ragowar, kusan wat 17.7, rezistoci ne ke mayar da shi zafi a bayan falange. Kashi 80 cikin ɗari na cajin da ake biya wa kuɗi kullum ɗumama katako yake yi. Kowace rezistar ja tana ƙona wat 0.21, dab da iyakarta ta 0.25, shi ya sa yatsa ba ya iya daɗewa a kanta.

Batirin kuma ba laifinsa ba ne. Rubutun 7Ah, wato amfiya-awa 7, yana nufin zai iya ba da miliamfiya 350 na tsawon awa 20. In ka raba 7 da 1.84 za ka samu awa 3.8 a takarda, amma batirin dalma in aka ja shi da ƙarfi ba ya ba da cikakken abin da aka rubuta, don haka awa uku ne abin da ya kamata a sa rai. Daga bayan magariba zuwa wajen goma ke nan, daidai abin da aka gani. Kuma irin wannan batir ba ya son a tatse shi ƙarƙaf. Wanda ke so ya daɗe masa rabi yake sha ya mayar caji. Tatsewar kowane dare ce ta sa lokacin ya yi ta raguwa.

Me ya sa launuka suka bambanta a boltej

Hasken LED ba fenti ne ke ba shi launi ba. Roba mai launi da ke lulluɓe da wasu ƙwayayen ado ce kawai, shi ya sa za ka ga ƙwai garau kamar ruwa amma ya ba da ja. Launin daga sinadarin ɗan ƙanƙanin gutsuren da ke ciki yake fitowa. Kowace ƙwayar lantarki da ta tsallake mahaɗar gutsuren tana sakin ƙwayar haske ɗaya in an yi sa'a, kuma kuzarin ƙwayar hasken ya danganta da tsawon zangonta, wato tsawon igiyar hasken, wanda shi ne ke yanke launinsa. Akwai lissafi mai sauƙi: raba 1,240 da tsawon zangon a nanomita (kashi ɗaya cikin biliyan na mita), za ka samu mafi ƙarancin boltej da ake buƙata, kusan-kusan. Ja mai nanomita 630 ya ba da 1.97. Kore mai 525 ya ba da 2.36. Shuɗi mai 470 ya ba da 2.64. A aikace shuɗi da koren zamani suna haura haka zuwa bolt 3 ko 3.2, saboda asarar da ke cikin sinadarin nasu.

Tarihin abin ma a kan wannan tsani ya hau. Nick Holonyak ya fitar da jan LED a kamfanin General Electric a Amurka cikin Oktoban 1962, watan da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. George Craford, wanda ɗalibinsa ne, ya fitar da rawaya a 1972. Shuɗi mai haske kuwa ya gagari masana har kusan shekara talatin, sai da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano a Jami'ar Nagoya, da Shuji Nakamura a kamfanin Nichia, duk a Japan, suka shawo kan sinadarin galiyom naitirayid. Nichia ta fara sayar da shuɗi mai ƙarfi a 1993, mutanen uku kuma suka karɓi kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2014. Farin LED da ke cikin tocilan kowa yau shuɗi ne aka shafa masa wani gari mai mayar da wani ɓangaren hasken rawaya, haɗuwar biyun ido ke gani fari. Saboda haka fari da shuɗi boltej ɗinsu ɗaya.

Ga mai haɗe-haɗe, gida biyu ne kawai zai riƙe. Gidan farko: ja, ruwan lemo, rawaya, duk suna tsakanin bolt 1.8 da 2.2. Gida na biyu: shuɗi, fari, da kore shar, suna wajen bolt 3 zuwa 3.4. Kore ne ake samu a kowane gida cikin biyun, kuma ya so ya rikita wannan aikin. A ledar da yaron ya sayo an gauraya iri biyu. Akwai tsohon iri, na sinadarin GaP, mai bolt 2.1 ko kusa da haka, launinsa kore-kore mai ratsin rawaya kamar na fitilar tsohuwar rediyo, haskensa kaɗan. Akwai kuma sabon iri na InGaN, ɗan gidan su shuɗi, kore shar mai kashe ido. A kashe ba ka bambanta su. Yaron ya ware masu hasken ya sa a allo ba tare da ya san dalilin bambancin ba. Hanyar tantancewa ita ce a sa wa kowanne rezista mai om 1,000 a kan batir, a auna boltej a ƙafafuwansa.

To ina gaskiyar dattijo take? A karant ɗaya, a ce miliamfiya 20, jan ƙwai yana cin miliwat 40, shuɗi yana cin 64. Wannan gaskiya ne. Amma batir ba ya kallon abin da ƙwai ya ci, abin da ya fita daga jikinsa yake ƙirgawa, wato boltej ɗinsa sau karant. In kowane ƙwai yana da rezistarsa a kan bolt 12, miliamfiya 20 miliwat 240 ne, ko ja ne ko shuɗi. Abin da ja ya rage, rezista ce ke cinye shi. Rangwamen da ja ke da shi ba ya isa aljihun mai shi sai an canja yadda aka jera wayoyin.

Gyaran

Maƙwabcin ya ce a jera ƙwayayen bi da bi, ƙafar wannan ta kama ta na gaba, karant ɗaya ya ratsa su duka, rezista ɗaya a ƙarshen kowane jeri. Ya kwatanta wa mai shayin da motar haya: a tsarin farko kowane ƙwai shatar mota ya ɗauka shi kaɗai daga PZ zuwa Samaru, motoci 90, yanzu za a cika kowace mota, kuɗin tafiya ɗaya ne, sai dai jajaye biyar ke shiga, shuɗaye kuwa uku.

Jajaye biyar bolt 10 ne, saura 2 ga rezista. Shuɗaye uku bolt 9 zuwa 9.6 ne. Jajaye 60 sun zama jeri 12, koraye jeri 5, shuɗayen da aka dawo da su jeri 5. Jeri 22, rezista 22 a maimakon 90. Ko da an bar kowane jeri a miliamfiya 20, jimillar ta sauko daga 1,840 zuwa 440, kuma hasken allon kusan yadda yake ne. Ba a taɓa launi ko ɗaya ba, kashi uku cikin huɗu na cin batirin ya tafi.

Kuma a wannan tsarin ne maganar dattijo ta zama gaskiya a aljihu. Kowane jeri miliwat 240 yake ci. A raba wa jajaye biyar, kowanne 48. A raba wa shuɗaye uku, kowanne 80. Yanzu kam shuɗi ya fi ja tsada, da kusan kashi biyu cikin uku.

Yaron ya tambaya, "Yaya, me zai hana mu sa ja shida mu jefar da rezistar gaba ɗaya? Shida sau biyu ai sha biyu ne cif."

Tambaya ce mai kyau, kuma da yawa sun ƙona ƙwayaye a kanta. Batirin da ake kira mai bolt 12 ba ya zama a 12. In ya cika ya huta yana wajen 12.7, in ya yi rabi wajen 12.1, in yana kan caji yana iya kaiwa 14.4. LED kuma ɗan ƙarin boltej kaɗan yana ninka karant ɗinsa. Ga shi in ya yi zafi boltej ɗin da yake buƙata raguwa yake yi, kusan milibolt 2 a kowane digiri, sai ya ƙara jan karant, ya ƙara zafi. A zafin Maris da Afrilu na Zariya, jeri marar rezista ba zai yi nisan kwana ba. Bolt 2 zuwa 3 da ake bar wa rezista su ne linzamin.

Mataki na biyu shi ne wanda, a ganina, ya fi kowanne muhimmanci ga mai koyo, domin shi ake yawan tsallakewa. Miliamfiya 20 da kowa ya haddace iyaka ce ta sama ga irin waɗannan ƙwayaye, ba wajibi ba. An gaje ta ne daga zamanin da ƙwayayen ba su da haske. Na yanzu a rabin haka ma suna cika ido, kuma 'yan gidan InGaN sun fi ba da haske a kan kowane miliamfiya in ba a matsa musu ba. Sannan idon ɗan Adam ba ya yi wa launuka adalci. Ya fi jin haske mai zangon nanomita 555, kore mai ɗan ratsin rawaya. In aka ba shi haske mai ƙarfi ɗaya daga kowane launi, kore mai 525 zai ji shi kusan kashi 80 cikin ɗari na wancan, ja mai 630 kusan rubu'i, shuɗi mai 470 bai kai kashi goma ba. Da dare ido yana ɗan karkata wajen shuɗi-shuɗi, wannan yana taimaka wa shuɗin, amma kore ne dai sarki. Shi ya sa a allon farko hoton kofin ke danne rubutun SHAYI, har mai tahowa daga nesa ya ga wani koren abu kawai yana walƙiya.

Saboda haka aka raba wa kowane launi nasa kason. Jajaye aka ba su rezista mai om 220: bolt 2 a raba da 220, miliamfiya 9 a kowane jeri. An zaɓi 220 da gangan, domin ko an manta an kunna allon batir na kan caji a 14.4, bolt 4.4 a raba da 220 miliamfiya 20 ne daidai, ba abin da zai ƙone. Shuɗaye, waɗanda a ƙaramin karant suke sauka wajen bolt 3 kowanne, aka ba su om 330, miliamfiya 9 su ma. Koraye aka ba su om 1,000, miliamfiya 3 ko ɗan fiye, kuma duk da haka ba su ɓace a cikin jajayen ba. Jimilla: jajaye 109, shuɗaye 45, koraye 15, kusan miliamfiya 170. Wat 2 a maimakon 22. Awa shida a dare amfiya-awa ɗaya ne da 'yan kai, rabin batirin zai kai dare uku.

Tsarin jeri yana da nasa aibin. In ƙwai ɗaya ya yanke, 'yan jerinsa duka sai su mutu, harafi ya yi giɓin ƙwai biyar a lokaci guda. Don haka aka ja layi da biro a bayan allon aka nuna inda kowane jeri ya fara da inda ya ƙare. An kuma sa fis mai amfiya 1 kusa da bakin batir, wanda tun farko ya kamata a sa, domin batirin dalma ko ƙarami ne in wayoyinsa suka haɗu yana iya narka roba ya kama falange da wuta, ga kuma risho da gas a gefe.

Buƙatun da suka biyo baya

Da mai shayin ya ga batir ya daina mutuwa sai ido ya buɗe. Ya ga wani shagon sayar da waya da fitilu masu sauya launi suna gudu, ya ce shi ma irin su yake so.

"Kawu, waɗancan cin su daban ne," in ji yaron, wanda zuwa lokacin ya fara ɗaukar biro kafin ƙarfen soda.

Irin waɗancan, masu lamba WS2812B, kowane ɗigo ƙwayaye uku ne a gida ɗaya, ja da kore da shuɗi, da ɗan ƙaramin guntun da ke sarrafa su, suna aiki da bolt 5. Abin da aka saba lissafawa shi ne miliamfiya 20 ga kowane launi in an ƙure shi. A nan ja zalla da shuɗi zalla cin su ɗaya ne, tunda duka daga bolt 5 suke sha kuma guntun ne ke ƙayyade karant. Abin da ke bambanta ci shi ne launi nawa aka kunna a tare: rawaya ja ne da kore, ninki biyu, fari duka ukun ne, miliamfiya 60. Ɗigo 60 a kan fari amfiya 3.6 ne, wat 18, an koma gidan jiya. Ga kuma na'urar rage bolt 12 zuwa 5 da allon Arduino da zai ba su umarni, su ma da nasu cin. Za a iya rage haskensu a cikin manhaja, amma ga tallan shayi kuɗin bai cancanta ba, aka bar maganar.

Buƙata ta biyu ta fi ma'ana: yana son haske a kan teburin kansa, inda yake fasa ƙwai yana ba da canji. Nan launi ba zaɓi ba ne, fari ake so, domin a ƙarƙashin jan haske ba ka bambanta takardun kuɗi da kyau, ba ka kuma gane ko wainar ƙwai ta soyu. Aka duba fitilun ribon masu bolt 12 da ake sayarwa a naɗe. In ka lura da su za ka ga alamar almakashi bayan kowane ƙwai uku, da 'yar rezista a tsakani: jerin nan ne na uku-uku da aka yi wa shuɗaye, masana'anta ta riga ta yi. Mai ƙananan ƙwayaye 3528, guda 60 a mita, ana rubuta masa wat 4.8 a mita, wato miliamfiya 400. Mai manyan ƙwayaye 5050 kuwa wat 14.4 a mita, ninki uku. Aka yanki rubu'in mita na ƙaramin, ƙwayaye 15, miliamfiya 100, aka manna a ƙarƙashin katakon da ke saman teburin, aka ba shi makunninsa daban.

An zaɓi fari mai ɗumi, mai ratsin rawaya, ba mai ratsin shuɗi ba. Cin su kusan ɗaya ne, dalilin ƙwari ne. Yawancin ƙwarin dare sun fi bin haske mai gajeren zango, shuɗi da abin da ya yi kusa da shi, ja da rawaya ba su cika jan su ba. Wanda ya taɓa shan shayi a waje a farkon damina, ranar da shinge suka fito, ya san abin da ake gudu. Saboda haka ma aka matsar da allon mai shuɗin gefe zuwa bakin titi, nesa da tukunyar.

Allo da fitilar tebur tare miliamfiya 270 ne, kusan amfiya-awa 1.6 a dare, caji bayan dare biyu in ana so a tsaya a rabi. Wannan lissafin na batir mai lafiya ne. Na farkon bai farfaɗo ba: tatsewar da ya sha ta sa gishirin dalma ya daskare a farantansa, yana nuna ya cika da wuri a wurin caji, ya kuma sauka da wuri ko a ƙaramin kaya. Dare ɗaya yake kaiwa da ƙyar, sai da mai shayin ya sayi wani.